GEORGE EASTMAN: MARAYAN DA YA SA KYAMARA TA SHIGA ALJIHU

A wannan fitowa, filinmu na tarihin mashahuran mutane zai ƙetare teku ne zuwa ƙasar Amurka, domin mu kawo muku labarin wani ɗan kasuwa wanda da yawanmu ba mu taɓa jin ko sunansa ba, alhali kuwa da wuya a sami gida a unguwar nan tamu da babu burbushin aikinsa a ciki.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya wajen kwashe kayan wani dattijonmu da Allah ya yi wa rasuwa, an ci karo da wani ɗan abu baƙi, shafaffe, mai kama da gidan tabarau, can ƙasan adaka ƙarƙashin manyan riguna. Yara suka yi ta juya shi, wannan ya ce rediyo ce, wancan ya ce asusu ne. Sai da wani daga cikin manya ya karɓa ya danna wani ɗan maɓalli a gefe, sai ga murfi ya buɗe, wata fata mai ninki-ninki kamar zuga-zugin maƙera ta miƙo waje da gilashi a bakinta. Ashe kyamara ce, irin mai naɗewar nan ta zamanin da. Mu dai mun ɗan riski ragowarta a hannun masu hoto muna yara, amma 'ya'yanmu da suka buɗe ido suka ga waya ba su san ta ba.

To mutumin da ya share hanyar da irin wannan kyamara ta biyo har ta iso adakar Bahaushe a ƙasar Kudu, shi ne George Eastman, wanda ya kafa kamfanin Kodak.

HAIHUWARSA DA TASOWARSA

An haifi George Eastman ran 12 ga watan Yuli, 1854, a wani ɗan gari da ake kira Waterville cikin jihar New York. Shi ne auta, yana da yayye mata biyu. Mahaifinsa yana da makarantar koyar da lissafin kasuwanci a birnin Rochester, kuma can ne iyalin suka koma da zama a 1860. Shekara biyu da komawarsu, wato a 1862, uban ya mutu, ya bar gida ba wani abin kirki. Uwar, mai suna Maria, ta shiga karɓar baƙi 'yan haya tana dafa musu abinci domin ta riƙe 'ya'yanta. Ga kuma jinya, domin ɗaya daga cikin 'yan matan shan-inna ta nakasa ta, har ta mutu a 1870.

Da yaron ya ga gida ya zama hannu baka hannu ƙwarya, sai ya bar makaranta yana da kimanin shekara 14, ya kama aikin masinja a wani kamfanin inshora a kan dala 3 a mako. Tun a lokacin aka san shi da wata ɗabi'a wadda ba ta bar shi ba har tsufansa: duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, komai ƙanƙantarsa, sai ya rubuta shi a littafi. Da dare kuma ya zauna yana koyon aikin akawu. A 1874 aka ɗauke shi ƙaramin akawu a wani banki na Rochester, albashinsa ya tashi zuwa wajen dala 15 a mako. Da wani ne, da ya ce ya iso, ya miƙe ƙafa. To amma abin da ke jiransa yana gaba.

YADDA AKE ƊAUKAR HOTO A DA

A 1877 ya yi niyyar tafiya Santo Domingo, sai wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya tafi da kyamara domin ya dawo da hotunan abin da ya gani. Ya je ya sayi kayan ɗaukar hoto, ya biya wani mai hoto ya koya masa. A nan ne fa ya gane ashe ba ƙaramin jidali ya sayo wa kansa ba.

A wancan zamani babu fim. A kan faifan gilashi ake ɗaukar hoto. Mai hoto zai shafa wa gilashin wani magani mai danƙo, ya tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, ya sa shi cikin kyamara tun yana jiƙe, ya ɗauki hoton, sannan ya ruga ya wanke shi kafin ya bushe. In ya yi jinkirin 'yan mintoci, aiki ya ɓaci. Saboda haka duk inda za shi, dole ya tafi da ƙatuwar kyamara kamar akwati, da ƙafafunta uku, da tanti mai duhu, da tarin gilasai, da kwalaben magani, da tulun ruwa. Kaya ne na jaki, ba na mutum ba. Wannan ya sa hoto ya zama sana'ar 'yan tsiraru, talaka kuwa sai dai ya je ya zauna a ɗauke shi, in yana da halin biya.

Tafiyar Santo Domingo dai ba ta yiwu ba, amma hoto ya riga ya shiga ran Eastman. Abin da ya tsaya masa shi ne, yaya za a yi a rage wannan kaya? Duk wanda ya bi tarihin mutumin nan zai ga a kan wannan tambaya guda ya ƙare rayuwarsa.

Ya riƙa karanta mujallun masu hoto na Ingila, inda ya ga cewa a can an fara amfani da busasshen gilashi, dabarar da wani likita mai suna Richard Maddox ya fara bayyanawa a 1871. Ana kwaɓa maganin azurfar ne da jelatin, wani irin danƙo da ake dafowa daga fatu da ƙasusuwan dabbobi, a shafa a gilashi ya bushe, a ajiye sai ranar da ake bukata. Wajen shekara uku Eastman yana aikin banki da rana, da dare yana kwaɓe-kwaɓe a madafar uwarsa, wani lokaci barci ya sace shi nan ƙasa kusa da murhu da tufafin jikinsa. Daga ƙarshe ya dace da haɗin da yake so, ya kuma ƙera injin da ke shafa maganin a gilashi daidai wa daida. A 1879 ya tafi Landan ya yi wa injin rajistar mallaka, a 1880 ya kama hayar ɗaki a saman wani bene a Rochester ya fara sayarwa. Wani abokin arzikin gidansu mai suna Henry Strong, mai sana'ar yin bulalar keken doki, ya zuba masa jari, suka kafa kamfani ran 1 ga Janairu, 1881. A cikin shekarar nan ya ajiye aikin banki.

RANAR DA AKA GWADA AMANARSA

Ciniki bai daɗe da kankama ba sai jarrabawa ta zo. Tsakanin 1881 da 1882, gilasan da ya sayar suka fara mutuwa a hannun 'yan sari, a ɗauki hoto a wanke, ba abin da ke fitowa. Masu hoto suka yi caa. A nan ne ake gane ɗan kasuwa. Eastman yana iya cewa kaya ya bar hannunsa lafiya lau, kowa tasa ta fisshe shi. Amma bai yi haka ba. Ya ce a dawo masa da duk abin da ya lalace, zai musanya da mai kyau. Wannan ya kusa cinye duk abin da ya tara. Ya dakatar da aiki, ya yi ta gwaji ba dare ba rana, har shi da Strong suka tafi Ingila neman bakin zaren. A ƙarshe aka gano laifin ba na hannunsa ba ne, na jelatin ɗin da ya sayo ne. Ya sauya, ya cika alkawari, kuma 'yan sarin nan ba su manta masa ba.

Wani abin mamaki da zai burge 'yan'uwanmu na kara da masu harkar fatu shi ne, sai a 1925 masanan kamfanin Kodak suka gano cewa irin ciyawar da saniya ta ci a rayuwarta tana shafar ingancin jelatin ɗin da aka samu daga jikinta, saboda wani ɗan burbushin farar wuta da ke cikinsa. Wato dai fim ɗin da aka ɗauki iyayenmu da shi, asalinsa fata ce da ƙashin shanu da azurfa.

Mu da muke zaune a garin da ba namu ba, mun fi kowa sanin darajar abin da Eastman ya yi. Baƙo ba shi da gona a nan, ba shi da dangi bila adadin da za su tsaya masa. Jarinsa na farko sunansa ne. Ranar da aka ce kayan wane ba a yarda da su, to ko da rumfarsa cike take, ya riga ya karye.

HAIHUWAR KODAK

Gilashi, ko busasshe ne, yana da nauyi kuma yana fashewa. Don haka Eastman ya koma neman abin da za a iya naɗewa kamar tabarma. Shi da wani maƙerin kyamara mai suna William Walker suka fito da fim na takarda a 1885. Amma manyan masu hoto suka yi biris da shi, suka ce gilashinsu ya fi fitar da hoto tas. Maimakon ya tsaya jayayya da su, sai ya juya ya fuskanci mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba, waɗanda su ne suka fi yawa a duniya.

A 1888 ya fito da wata 'yar kyamara mai siffar akwati wadda ake riƙewa a hannu, ya sa mata suna Kodak. Kalmar ba ta da wata ma'ana a kowane harshe, shi ya ƙaga ta, domin yana son harafin K, yana kuma son suna gajere wanda kowa zai iya faɗa. Ana sayar da ita dala 25, da fim a ciki na hoto 100. In mutum ya gama ɗauka, sai ya aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa Rochester da dala 10, a wanke masa hotuna, a sa sabon fim, a mayar masa. Aikin mai saye bai wuce danna maɓalli ba, sauran wahalar ta kamfani ce, kuma a kan haka ya gina tallarsa. A 1889, da taimakon wani masanin haɗa magunguna mai suna Henry Reichenbach, ya fito da fim mai kama da roba wanda haske ke ratsawa, irin wanda masu ƙirƙiro silima suka fara aiki da shi. A 1891 ya buɗe masana'anta a Harrow kusa da Landan, a 1892 kamfanin ya ɗauki sunan Eastman Kodak.

Saura matsala guda: ba a iya sa fim ko cire shi sai a cikin duhu. Wani mutumin Boston mai suna Samuel Turner ya warware wannan, ta hanyar naɗe fim tare da doguwar baƙar takarda mai lambobi a bayanta, da 'yar taga ja a bayan kyamara inda ake leƙa lambar. Eastman bai ji kunyar cewa wani ya fi shi dabara ba, ya sayi hikimar a 1895.

KYAMARA MAI NAƊEWA

Tsakanin 1897 da 1898 kamfanin ya fito da Folding Pocket Kodak a kan dala 10, wadda wani maƙerinsa mai suna Frank Brownell ya tsara. Ita ce kakar irin wadda aka tsinta a adakar dattijon nan namu. A 1900 aka fito da Brownie ta kwali a kan dala 1, fim ɗinta santi 15, har yara suka samu. A 1901 kuma aka fito da fim mai lamba 120, mai faɗin wajen santimita 6, wanda har yau ana yin sa. Daga baya kamfanonin Jamus irin su Zeiss Ikon da Voigtländer da Agfa suka yi ta ƙera nasu masu naɗewa a kan wannan fim, kuma kasuwarsu ta ci sosai daga wajen 1930 har cikin shekarun 1950.

Me ya kawo zuga-zugi a jikin kyamara? Dalili shi ne, babban fim yana bukatar tazara tsakaninsa da gilashin gaba, wajen santimita 10 ga mai ɗaukar hoto 6 da 9. Da a ce akwati za a yi mai wannan zurfi, ba zai shiga aljihu ba. To fatar nan mai ninki ita ke ba da tazarar in an buɗe, ta hana haske shiga ta gefe, in an gama kuma ta lanƙwashe ta koma ciki. Kayan jakin nan na 1877, ga shi ya dawo abin sawa a aljihun riga cikin shekara ashirin.

Ga wanda ya gaji irinta yake son gwadawa, ga yadda ake yi. Da farko a shiga ɗaki mai duhu, a buɗe bayanta, a haska tocila cikin zuga-zugin. In an ga haske na tsiyayowa ta kusurwoyin ninki, to fatar ta huje, sai an gyara, in ba haka ba duk hotunan za su fito da tabo. Sa fim kuwa a inuwa ake yi. Akwai kwarkwaro biyu, cikakke a gefe guda, wofi a ɗaya gefen. A jawo bakin takardar a cusa a tsagar na wofin, a ɗan murɗa, a rufe baya, sannan a ci gaba da murɗawa a hankali ana kallon jar tagar nan har lamba 1 ta bayyana. In tagar tana da marufi a mayar da shi, domin fim na yanzu yana ganin jan haske, ba kamar na da ba.

Wajen buɗe gaba, a tare murfin da hannu ya sauko sannu, kada a bari ya fizgo, don iskar da zuga-zugi ke ja tana iya ɗago fim daga mazauninsa. Yawancinsu ba sa auna nisa, mai ɗauka ne zai ƙiyasta da ido ko ya taka da ƙafa, ya murɗa gilashin zuwa adadin mita ko ƙafa da ke rubuce. Sai ya zaɓi faɗin ƙofar haske da saurin ƙiftawa. In fim mai lamba 100 ne, a cikin rana tsaka ana sa ƙofa a kan 16, ƙiftawa a kan 100. A inuwa kuwa sai a buɗa ƙofar zuwa 8 ko 5.6. A ɗana kunamar, a riƙe numfashi, a danna. Da an danna a murɗa zuwa lamba ta gaba nan take, domin wanda ya manta zai haɗa mutum biyu a hoto guda.

Fim guda hoto 8 yake bayarwa in 6 da 9 ne, ko 12 in 6 da 6 ne, ko 16 in 6 da 4.5 ne. Ke nan babu ɓarna, ba a dannawa sai an tabbata. Shi ya sa za ku ga iyayenmu a tsofaffin hotuna sun kimtsa, hula ta zauna, riga ta sha bugu, kowa ya natsu. Kuma da yake fim ɗin 6 da 9 ya ninka ƙaramin fim na 35 fiye da sau biyar a faɗi, sau da yawa ɗora shi kawai ake yi a kan takarda a fitar da hoton daidai girmansa. Wannan ne asalin 'yan ƙananan hotunan nan da har yau in ka ƙura musu ido kana iya ganin zaren aikin wuyan riga.

Hikimar kasuwancin kuwa a fili take. Kyamara sau ɗaya mutum ke saye, amma fim duk salla, duk biki, duk suna sai ya dawo. Eastman ya sassauta kuɗin kyamara ne domin ya sami mai dawowa. Duk mai rumfa ya san abokin ciniki guda da ke dawowa ya fi goma masu wucewa.

INDA YA YI TUNTUƁE

Ba za mu ɓoye ba, mutumin nan yana da nasa. Wani limamin coci mai suna Hannibal Goodwin ya riga shi kai takardar neman rajistar fim mai ratsa haske tun 1887, ba a ba shi ba sai 1898. Goodwin ya mutu a 1900, sai bayan mutuwarsa aka shiga shari'a. A 1914 magana ta ƙare a kan cewa Kodak ta shiga haƙƙinsa, ta biya dala miliyan 5 ga kamfanin Ansco da rajistar ta koma hannunsa. Har ila yau, Eastman ya riƙa saye ƙananan kamfanonin da ke gogayya da shi, yana ɗaure 'yan sari da sharaɗin kada su sayar da kayan wani, har gwamnatin Amurka ta kai shi kotu, aka yanke hukunci a kansa a 1915 cewa ya yi wa kasuwa babakere. Wannan ma abin lura ne gare mu: mutum yana iya riƙe amanar mai saye, amma ya danne ɗan'uwansa mai sayarwa, kuma duka biyun haƙƙi ne.

KYAUTARSA

Ta wajen sakin hannu kuwa, kaɗan ne suka kamo shi a zamaninsa. A 1912 ya fara raba wa ma'aikata wani kaso na riba a kan albashinsu. A 1919 ya ba su kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa, wanda ya kai dala miliyan 10. Ya ba babbar makarantar fasaha ta MIT maƙudan kuɗi a ɓoye da sunan aro, aka yi shekaru ana cigiyar mai kyautar kafin a sani a 1920. A rana guda cikin 1924 ya raba wajen dala miliyan 30 ga jami'ar Rochester da MIT da kuma Hampton da Tuskegee, makarantu biyu na baƙar fatar Amurka. Ya gina asibitocin haƙori domin 'ya'yan talakawa a Rochester da Landan da Rum da Faris da Brussels da Stockholm. Jimillar abin da ya bayar ta haura dala miliyan 100. Yaron da rashin kuɗi ya fitar daga aji, shi ne ya ƙare yana gina makarantu.

ƘARSHENSA

Eastman bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ko jika ba. Uwarsa ita ce abokiyar zamansa, ya kai ta katafaren gidan da ya gama ginawa a 1905, ta mutu a 1907 bayan ta yi shekarunta na ƙarshe a keken marasa lafiya. A 1925 ya sauka daga tafiyar da kamfani ta yau da kullum. Ya zo farauta gabashin Afirka a 1926, ya sake dawowa nahiyar a 1928. Daga nan ciwon ƙashin baya ya kama shi, tafiya ta fara gagararsa, ga tsananin zafi, ga tunanin halin da ya ga uwarsa a ciki. Ran 14 ga Maris, 1932, yana da shekara 77, ya kira shaidu ya gyara wasiyyarsa, bayan sun fita ya kashe kansa da bindiga.

Mu Musulmi mun san matsayin wannan aiki a addininmu, haramun ne babba, domin rai ba mallakar mai shi ba ne, kuma ciwo jarrabawa ce da ake fuskanta da haƙuri da neman magani. Ba mun kawo wannan don mu yi masa dariya ba ne, sai don mu duba kanmu. Mutumin da ya sauƙaƙa wa duniya ajiye fuskokin iyali, shi ya ƙare a gida mai ɗaki hamsin babu iyalin. A unguwar nan tamu ma akwai tsofaffi da suka baro gida tun suna samari, ƙarfi ya ƙare, 'yan'uwa suna can Arewa. Leƙa su da zama da su haƙƙi ne a kanmu, kuma yana daga cikin dalilan kafa wannan ƙungiya.

Gidansa ya zama gidan tarihin hoto a 1949. Kamfanin kuwa ya ci zamaninsa, har wani injiniyansa mai suna Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital marar fim a 1975. Amma shugabanni suka yi sanyin jiki da ita saboda tsoron kada ta kashe kasuwar fim, wasu suka wuce su. A 2012 Kodak ta kai kanta kotu a kan ta kasa biyan bashi, ta fito a 2013 tana ƙaramin kamfani. Abin da manyan masu hoto suka yi wa Eastman a 1885, shi magadansa suka yi wa sabon abu.

KIRA GA 'YAN'UWA

Za mu rufe da wata 'yar dabara ta kamfanin. A 1914 Eastman ya biya wani mai suna Henry Gaisman dala 300,000 domin wata 'yar ƙofa a bayan kyamara, wadda ake buɗewa a rubuta suna ko kwanan wata da tsinken ƙarfe, rubutun ya fito a jikin fim. Ya gane cewa hoto marar suna rabin hoto ne. Mun ga gaskiyar haka a ranar nan, domin tare da kyamarar dattijon an sami hotuna da dama, amma aka yi ta zagayawa da su aka rasa mai faɗin ko su wane ne a ciki. Su ne kuwa mutanen da suka biyo shanu da goro suka kafa wurin da muke zaune.

Saboda haka muna roƙon kowane gida, a fito da tsofaffin hotuna tun manya suna raye, a zauna da su, a rubuta suna da gari da shekara a baya da fensir, ba da biro ba, don tawada tana ratsa takarda. Wanda kuma ya tsinci irin wannan kyamara ya ga lamba a jar taga, kada ya buɗe bayanta, akwai fim a ciki. Ya murɗe shi har ƙarshe tukuna, ya cire a inuwa, ya nemi mai wankewa. Wa ya sani ko fuskar kakansa ce ke kwance a ciki tana jira?

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.